Daga Sararin Gumel Zuwa Andromeda: Yadda Ake Auna Nisan Galaksi da Gudunsu

A ƙarshen watan Oktoba, idan damina ta ɗauke, an yanke gero an ɗaure dammuna, hazon hunturu kuma bai riga ya sauko ba, sararin samaniya a ƙasar Gumel yakan yi wani irin tas da mutanen cikin birnin Kano suka daɗe da mantawa da shi. Wanda duk ya fita bayan gari a Sule Tankarkar ko Gagarawa bayan sallar isha'i, a daren da babu farin wata, ya fuskanci arewa maso gabas ya ɗaga kai sosai, zai iya hango wani ɗan tabo fari-fari, dogo kaɗan, wanda ya fi fitowa idan an kalle shi da gefen ido. Ba tauraro ba ne. Wani masanin taurari Bafarishe, Abdurrahman al-Sufi, ya rubuta labarinsa a wajen shekarar 964, ya kira shi ƙaramin gajimare. A yau sunansa Andromeda, kuma galaksi ce, wato wani makeken tarin taurari masu juyawa tare, ɗaruruwan biliyoyinsu, a siffar faifai mai hannaye a nannaɗe. Rana da duniyarmu suna cikin wata irinta, wadda gefenta ne farar hanyar nan da ke ratsa sama a dararen damina.

Masana sun ce hasken da ke shiga idon mai kallo a Gagarawa ya baro Andromeda shekara miliyan 2.5 da suka wuce, alhali haske na cin kilomita 300,000 a sakan guda. Mai hankali zai tambaya: wa ya je ya auno?

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne a sha'anin taurari. Tsofaffin manoma da malaman hisabi suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13 sai guda mai 14, kuma sunaye irin su Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabaha suna fitowa a hirar shuka da noman gero, wake da riɗi. Kowane yaro ya san Kaza da 'Ya'yanta. Sai dai wannan ilimi tambayarsa ɗaya ce, yaushe: yaushe ruwa zai zauna, yaushe za a daina shuka. Tambayar nisa wata aba ce daban, kuma ta ba masana duniya wahalar da ba su gama fita daga cikinta ba har yanzu.

Matsalar fitila

Daren Laraba, jajibirin kasuwar dabbobi ta Maigatari da ke ci ranar Alhamis, titin da ya taso daga Gumel yakan cika da fitilu. Mutum na tsaye a bakin titi ya hango wani haske dushi-dushi. Ɗan acaɓa ne mai raunin fitila da ya kusa isowa, ko tirela ce mai ƙarfin fitila da ke can nesa? Ido kaɗai ba zai raba gardama ba. Amma da zarar an san tirela ce, an kuma san ainihin ƙarfin fitilarta, to dusashewar hasken ita za ta faɗi nisanta, domin haske na da ƙa'ida: nisa ya ninka biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, ya ninka goma, ya koma ɗaya cikin ɗari. Duk aikin auna nisan galaksi ya tattara ne a kan neman hanyar sanin ainihin ƙarfin fitilar.

Taurarin kusa ba su buƙatar wannan dabara. Ana duba tauraro yau, a sake dubawa bayan wata shida lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, a ga ɗan gocewar da ya yi, sai lissafin kusurwa ya ba da nisa. Bajamushe Friedrich Bessel ne ya fara cin nasarar haka a 1838, kumbon Gaia na Turai da aka harba a 2013 kuma ya yi wa taurari fiye da biliyan guda. Da haka aka san Kaza da 'Ya'yanta na nisan tafiyar haske ta shekara kusan 440. A ma'aunin galaksi wannan ko ƙofar gida ba a fita ba.

Mataki na gaba wata mata ce ta gina shi. Henrietta Leavitt ma'aikaciya ce a cibiyar nazarin taurari ta Harvard, aikinta duba hotunan sama da aka ɗauka a kan gilashi. A 1912 ta nuna cewa wasu taurari da ake kira Sefid, masu ƙara haske su rage a kai a kai, suna da tsari: wanda ya fi jinkirin zagayowa shi ya fi ƙarfin haske. Ke nan a ƙirga kwanakin zagayowarsa, an san ƙarfin fitilarsa. A watan Oktoba na 1923 Edwin Hubble ya tsinci irin wannan tauraro a cikin Andromeda da madubin hangen nesa mai faɗin inci 100 na Dutsen Wilson a Kalifoniya, ya lissafa nisan ya kai tafiyar haske ta shekara kusan 900,000. Ya yi ƙasa sosai da gaskiya, sai a 1952 Walter Baade ya gano akwai Sefid iri biyu da aka cakuɗa, aka ninka nisan. Duk da haka adadin Hubble ya isa ya kashe muhawarar da aka yi a bainar jama'a a Washinton a 1920: irin waɗannan tabbai ba ƙurar cikin galaksinmu ba ne, kowannensu galaksi ce mai zaman kanta.

Gudu ya fi nisa sauƙin aunawa, abin da kan ba mutane mamaki. Idan aka rarraba hasken galaksi zuwa launukan bakan gizo, akan ga wasu layuka da sinadarai ke bari a wuraren da aka sani. Abin da ke nesanta da mu layukansa kan matsa wajen ja, mai matsowa kuma wajen shuɗi, gwargwadon saurinsa. Tun 1912 Vesto Slipher a Arizona ya auna cewa Andromeda na nufo mu da kilomita kusan 300 a sakan. Sauran galaksi kuwa kusan dukkansu guduwa suke. Georges Lemaître, wani limamin coci ɗan Beljiyam, a 1927, da Hubble a 1929, suka nuna cewa iya nisan galaksi iya saurin guduwarta. Sararin ne da kansa yake buɗewa.

Juyawa ta tona asirin haske

Sefid na da iyaka. Ko da madubin da ke sararin sama, da an wuce tafiyar haske ta shekara miliyan 100 ko makamancin haka, tauraro guda ya fara ɓacewa cikin hasken 'yan'uwansa. Ga shi kuma ana son nisan galaksi dubbai, ba goma ko ashirin ba. Dole a sami wata alama a jikin galaksin gaba ɗayanta.

An same ta a 1977, a wata takarda ta Brent Tully da Richard Fisher, waɗanda suka yi karatu tare a Jami'ar Maryland. Hujjarsu mai sauƙin faɗa ce. Galaksi mai nauyi tana da taurari da yawa, don haka tana da haske sosai. Nauyin nan kuma shi ke sa abin da ke kewaya ta ya yi sauri, domin mai tafiyar hawainiya a gefen babban nauyi faɗawa ciki zai yi. Ashe saurin juyawa da ƙarfin haske tafiyarsu ɗaya. Ƙaramar galaksin Triangulum, maƙwabciyar Andromeda, tana juyi da ɗan abin da ya haura kilomita 100 a sakan, tamu da sama da 200, Andromeda kuwa wajen 250, kuma haka haskensu ya jeru. Dangantakar ma tana da tsauri: sauri ya ninka biyu, haske kan ninka wajen sau goma.

To yaya ake auna juyawar abin da zagaye ɗaya ke ɗaukarsa shekara miliyan 200 da wani abu? Da rediyo. Galaksi masu naɗi cike suke da iskar haidurojin mai sanyi, ita kuma tana fitar da wani siririn sauti na rediyo mai tsawon zango santimita 21, wato megahaz 1,420, can sama da tashoshin FM da ke tsakanin 88 da 108. Wani ɗalibi ɗan Holan, Hendrik van de Hulst, ya yi hasashensa a 1944, aka kama shi a Harvard a 1951, kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana kowa watsa shiri a wannan zango. Idan aka saita faranti a kan galaksi mai juyawa, gefe ɗaya na tahowa wajenmu, ɗaya gefen na tafiya, sai sautin ya baje maimakon ya tsaya a wuri guda. Faɗin bajewar shi ne saurin juyawar. Daga sauri a san ainihin haske, a gwada shi da hasken da ya iso hoto, nisa ya fito.

A baki ke nan. A aikace akwai ƙayoyi. Galaksin da ta fuskanto mu gaba da gaba ba ta da amfani, domin juyawarta ba ta zuwa wajenmu ba ta barinmu. Sai wadda ta karkata, galibi digiri 45 ko fiye, sannan a ƙiyasta karkatar daga yadda da'irarta ta matse a hoto, kuskure kaɗan a nan kuma ya ɓata lissafi. Wadda ta ba mu gefe sosai kuwa ƙurar cikinta na cinye haskenta, shi ya sa aka koma ɗaukar hoto da hasken da ke ƙasa da ja, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙura. Binciken 2MASS, wanda ya ɗauki hoton sama kaf da irin wannan haske tsakanin 1997 da 2001 daga Arizona da Cile, shi ya zama tushen wani kundi na galaksi masu naɗi kimanin 2,000. Sai kuma tarkon da masanin nan ɗan Suwidin Gunnar Malmquist ya yi kashedi a kansa tun shekarun 1920: a can nesa masu ƙarfin haske kaɗai ke shiga kundi, raunana su faɗi, wanda bai gyara wannan ba zai riƙa ganin komai ya fi kusa da yadda yake.

Wani abin da ya kamata a faɗa shi ne, ma'aunin ya fi fahimtar masu amfani da shi ƙarfi. Vera Rubin da Kent Ford sun nuna a shekarun 1970 cewa gefen galaksi na gudu fiye da yadda nauyin taurarin da ake gani zai iya riƙewa. Mafi yawan nauyin na wani ɓoyayyen abu ne da ba ya haske. Me ya sa to hasken da ake gani yake bin saurin da ɓoyayyen abu ya tsara sau da ƙafa haka? Ana da bayanai, ana kuma ta gardama a kansu. Ma'auni dai yana aiki.

Ragowar gudu

Bayan duk gyare-gyare, nisan galaksi guda da aka auna ta wannan hanya yana da kuskuren kusan kashi 20 cikin 100. Dillalin da ke irin wannan kuskure a kasuwa ba zai daɗe ba. Amma abin da ake nema da awon ya sa dole a haƙura da shi.

Ga lissafin. Buɗewar sarari na ƙara wa galaksi gudun kilomita 21 zuwa 22 a sakan a kan kowace tafiyar haske ta shekara miliyan guda. Wadda ke nisan miliyan 100 ya kamata a same ta tana guduwa da wajen 2,150. Idan layukan haskenta suka nuna 2,500, akwai ragowar 350 da buɗewar sarari ba ta yi bayaninsu ba. Wannan ragowa tafiyar galaksin ce ta ƙashin kanta, kuma abu ɗaya ne ke jawo ta: ƙarfin jan nauyin abin da ke kewaye da ita, na fili da na ɓoye. Ragowar gudu ke nan hanya ce ta auna nauyin abin da ba a gani.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Kuskuren kashi 20 a nisan miliyan 100 daidai yake da kilomita 430 a sakan, ya fi ragowar da ake nema girma. A nisan miliyan 300 ya kusa 1,300. Galaksi ɗaya ba ta faɗin komai. Sai an tara da yawa a yanki guda kurakuransu su cinye juna: guda 100 na rage kuskure zuwa kashi ɗaya cikin goma. Dalilin manyan binciken sama ke nan. Farantin Arecibo na Fotoriko, mai faɗin mita 305, ya tattara sautin haidurojin na galaksi sama da 30,000 kafin ya rufta a ranar 1 ga Disamba, 2020.

Mu ma muna da tamu ragowar, an kuma san ta ta wata hanya daban. Akwai wani ɗumi mai rauni da ya cika sama ta kowace fuska, saura daga farkon halitta, wanda aka gano a 1965. A shekarun 1970 aka lura ya ɗan fi ɗumi ta gefe ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin dubu, alamar muna kutsawa ta can. Rana na tafiya da kilomita 370 a sakan idan aka gwada da shi. Da aka cire zagayen da ranar ke yi a cikin galaksinmu, sai aka ga ayarinmu baki ɗaya, mu da Andromeda da Triangulum da ƙananan da ke raɓe da mu, muna tafe da fiye da kilomita 600 a sakan. Tsakanin Kano da Gumel kilomita 120 ne. Sau biyar ke nan a sakan guda.

Ta ina aka nufa

A nan mutumin Gumel ya fi na Landan sa'a. Ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, suna tsakanin digiri 12 da 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka kusan duk sama na ratsawa ta kansu a cikin shekara. Tauraron arewa na nan ƙasa-ƙasa ta wajen Nijar, taurari huɗun nan masu siffar gicciye na kudu kuma suna leƙowa a dararen Afrilu da Mayu, abin da Turai ba ta gani. Wanda ya fuskanci kudu da misalin ƙarfe 9 zuwa 10 na dare a watan Afrilu, ya ɗaga ido ɗan sama da rabin tazarar da ke tsakanin ƙasa da tsakar ka, yana kallon inda ayarinmu ya dosa. Babu wani abin a zo a gani a wurin, taurari ne 'yan tsiraru.

A 1987 da 1988 wasu masana bakwai, cikinsu har da Sandra Faber, Alan Dressler da Donald Lynden-Bell, suka bayyana sakamakon awon galaksi kusan 400, na irin mulmulallun nan marasa naɗi. Suka ga ba mu kaɗai ba ne: duk unguwar na kwarara wajen taurarin Centaurus. Suka raɗa wa abin da ke jan ta suna Babban Majanyi. Masu awon galaksi masu naɗi suka bi sawu. A 1992 Don Mathewson da abokan aikinsa a Ostareliya suka fitar da awon guda 1,355 na sararin kudu, suna neman abu guda: in dai Majanyin ne ƙarshen tafiya, galaksin da ke bayansa ya kamata a gan su suna faɗowa ta wajenmu. Ba su ga haka ba. Hankali ya koma kan wani taron da ya fi girma a bayansa, taron Shapley, mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 650.

Abin takaici, yankin Majanyin ya faɗo daidai bayan farar hanyar galaksinmu, inda ƙura da cunkoson taurari suka rufe kusan kashi ɗaya cikin biyar na sama. Renée Kraan-Korteweg, wadda daga baya ta koyar a Jami'ar Cape Town, ta shafe shekaru tana leƙen bayan wannan labule. A 1996 ita da abokan aikinta suka nuna cewa taron galaksi na Norma, mai nisan miliyan 220, ƙato ne na gaske kuma yana tsakiyar yankin Majanyin. A 2016 wani bincike da farantin Parkes mai mita 64 ya lissafa galaksi 883 a bayan ƙurar, kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa ganinsu ba.

Tully bai bar aikin ba. A 2014, shi da Hélène Courtois, Yehuda Hoffman da Daniel Pomarède suka yi amfani da nisan galaksi sama da 8,000 suka zana taswirar kwarara, suka shata iyakar yankin da duk abin da ke cikinsa ke gangarawa wuri guda. Suka kira shi Laniakea da harshen mutanen Hawayi: galaksi kimanin 100,000, faɗinsa tafiyar haske ta shekara miliyan 500. Sunan ya yi farin jini a jaridu fiye da yadda iyakar ta yi ƙarko. Kundinsu na huɗu, Cosmicflows-4, da ya fito a 2023 da galaksi kusan 56,000, ya sa wasu daga cikinsu suka ce mai yiwuwa Laniakea wani sashe ne kawai na yankin Shapley.

Rabon Afirka, da na gida

A cikin farantan da ke wannan aiki yanzu akwai MeerKAT, faranti 64 a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, da aka buɗe a Yulin 2018, wanda zai shige cikin babban shirin farantan rediyo na SKA da aka fara ginawa a Disamban 2022. Ƙasashen Afirka takwas ne abokan Afirka ta Kudu a shirin. Gana na ciki, ta ma mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai mita 32 a Kuntunse na nazarin sama a 2017. Najeriya ba ta cikin takwas ɗin, duk da tana da tarihi a fannin: Samuel Okoye ya yi aiki da Antony Hewish a Kambirij a shekarun 1960 kafin ya dawo Nsukka ya dasa ilimin taurari na rediyo, a can ne kuma hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA, wadda aka kafa a 1999, take da cibiyarta ta wannan fanni.

Ba za a yaudari kai ba, arewacin Jigawa ba wurin kafa babban madubi ba ne. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, hazo na rufe ta watanni, manyan madubai kuwa kan tsaunuka masu busasshiyar iska ake kai su. Sai dai yawancin masu wannan bincike ba su taɓa taɓa farantin da hannu ba. Kundin Cosmicflows da hotunan binciken sama na Sloan a buɗe suke a intanet kyauta. Ɗalibin fiziks a Kwalejin Ilimi ta Gumel, ko a jami'o'in Dutse da Kafin Hausa, mai kwamfuta da ɗan ilimin ƙididdiga, zai iya sauke faɗin sautin haidurojin da hasken galaksi ɗari, ya zana layin Tully da Fisher da kansa, ya fitar da nasa adadin saurin buɗewar sarari.

Adadin nan kuwa shi ne abin rigima a yanzu. Masana na faɗinsa da kilomita a sakan a kan kowane megafasek, wato tafiyar haske ta shekara miliyan 3.26. Hubble ya samu 500, ya yi sama da gaskiya kusan sau bakwai. Kumbon Planck, daga ɗumin farkon halitta, ya ba da 67.4. Masu hawa matakalar Sefid da fashewar taurari, ƙarƙashin Adam Riess, sun tsaya a 73. Cosmicflows-4 ya ba da kusan 75. Kowane ɓangare ya ce kuskurensa bai kai girman tazarar ba, don haka ko dai akwai ɓaraka a wani mataki na awon, ko kuma akwai abin da ka'idar sararin ba ta ƙunsa ba. Ragowar gudu na cikin abubuwan da ake tuhuma, domin galaksin kusa da ake daidaita ma'auni da su duk suna cikin kwararar. Farantin FAST mai mita 500 a ƙasar Sin da binciken WALLABY a Ostareliya suna ƙara tara sautin haidurojin, na'urar DESI a Arizona kuma, mai ɗaukar hasken abu 5,000 a lokaci guda, ta sa gaba ta auna ragowar gudun galaksi fiye da 100,000.